Me ya sa rigar da na ɗinka da gwanjo ta murɗe, ta kuma yage?

Tambaya: Wata 'yar uwa ta rubuto cewa wata takwas ke nan da ta fara koyon ɗinki, tana da keke a gida. Ta sayi manyan shet na maza da wandunan jins a gwanjo, tana so ta riƙa juya su zuwa kayan yara da siket. Rigar farko da ta yi wa 'yarta da shet ta yi kyau ranar da aka sa ta, amma bayan wanki biyu ɗinkin gefe ya murɗe ya dawo gaba, ta yage a gindin hammata daf da ɗinki, inda ta haɗa da sabon yadi kuma ya tattare. Tana so ta sani: laifin hannunta ne ko na gwanjon? Yaya za ta yi kada kayan su yi kama da faci? Kuma aikin zai iya zama sana'a?

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki. Bari in fara kwantar miki da hankali. Daga yadda kika kwatanta, ban ga laifin hannunki a kan keke ba. Abubuwan nan uku sun riga sun faru tun kafin ki zura zare a allura, a wajen zaɓe da wanki da yanka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a aikin gwanjo Larabar ta fi Juma'ar tsawo.

Sabon yadi yana zuwa miki a miƙe, da bakinsa biyu, ƙarfinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ke ce mai iko, ki zaɓi samfurin da kike so, ki auna, ki yanka. Tsohuwar riga kuwa wani tela ya riga ki sa mata almakashi, wani jiki ya yi shekaru a cikinta, gumi da sabulu da rana kowa ya ci rabonsa, kuma ba wuri ɗaya suka ci ba. Sai kin shimfiɗa ta kin ga abin da ya rage mai rai, sannan ki san me zai fita a ciki. Yawancin masu farawa hoton riga suke gani a waya, su ƙudurta shi a rai, su tilasta wa tsohuwar shet sai ta haifi wannan hoton. A nan ɓarna ke shigowa.

Mu ɗauki murɗewar tukuna, don ita ta fi ɗaure wa mutane kai. Yadin shet saƙa ce ta zare biyu. Akwai zaren tsaye da ke bin tsawon yadin, akwai na kwance da ke ratsa shi. Na tsaye ya fi ɗauri, kusan ba ya miƙewa, na kwance yana ɗan ba da kai. Idan kuwa kika ja yadin a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ki ga ya miƙe kamar roba. Riga tana zama daidai a jiki ne idan zaren tsaye ya sauko sak daga kafaɗa zuwa ƙasa. Da an yanka gaba ko baya a ɗan karkace, ko da yatsa biyu ne, guga za ta rufa asiri ranar farko, amma ruwa na taɓawa zaren zai nemi inda ya saba, ya ja ɗinkin gefe ya bi shi. Ina kyautata zaton fatan ɗinki, wato takardar samfurin da ake ɗorawa a kan yadi a yanka, shi ne bai shiga ba, kika ɗan juya shi don ya kauce wa aljihu ko tsohon yankan hammata. Ba telan da bai taɓa yin haka ba.

A sabon yadi bakinsa ke nuna miki hanya. Tsohuwar riga ba ta da baki, sai ki nemi wata shaidar. A shet, layin maɓallai da tsakiyar baya suna kan zaren tsaye. Ɗinkin gefe ba abin dogaro ba ne, domin sau da yawa an ɗan shigar da shi a ƙugu. Mai ratsi ko mai gida-gida ta hutar da ke, ki bi ratsin. Idan ba ta da zane, ki tsinko zare ɗaya da bakin fil ki zare shi a hankali, ki ja alli a kan layin da ya bari. Hannun shet idan kika buɗe shi, zaren tsaye yana bin tsakiyarsa daga kan kafaɗa zuwa wuyan hannu. Kafaɗar baya mai ninki biyu kuwa yawanci a kwance ake yanka ta, kada ki ɗauka tafiyarsu ɗaya da sauran. Idan fatan ya ƙi shiga a miƙe, ki raba shi gida biyu ki ƙara ɗinki, ko ki rage faɗin rigar, ko ki sauya shawara gaba ɗaya. Ƙarin ɗinki ana zama da shi lafiya, karkataccen yanka ne ba shi da magani.

Sai yagewar hammata. Riga ba ta tsufa baki ɗaya. A shet, wuraren da ke fara mutuwa su ne ninkin kwala, bakin hannu, gwiwar hannu, hammata, da saman baya inda rana ke duka gumi ke zama. A wando, gwiwa da mazauni da tsakanin cinyoyi da bakin ƙafa. A zanen gado tsakiya ce ke sirancewa, gefuna na nan da ƙarfinsu. Labule kuwa mayaudari ne, ga faɗi ga kyau a ido, alhali rana ta dafa shi a kan ninki-ninkinsa, ranar da aka fara wanke shi sai ya tsage a tsaye kamar takarda. Idan kika yanko rigar yarinya daga saman shet, hammatarta za ta faɗa kusa da tsohuwar hammata, wato kin ɗora wurin da zai fi shan wahala a kan wurin da ya fi gajiya.

Gwaji biyu nake yi tun a wurin saye. In ɗaga rigar tsakanina da haske, inda ya sirance zai fi sauran haske, ƙananan huji ma su fito fili. Sannan in kama yadin da hannu biyu, manyan yatsuna kusa da juna, in ja da ɗan ƙarfi. Lafiyayyen yadi zai tsaya. Wanda ya mutu za ki ji yana ɗan ƙara, ko ki ga zaren ya buɗe bai koma ba. A gida kuma, bayan wanki, duk tabo da huji da wurin da ya sirance sai na zagaye shi da alli ta ciki kafin in ɗora fatan.

Zare da allura ma suna da nasu kason. Zaren foliyesta na yanzu ya fi tsohuwar auduga ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa idan an ja, ɗinkin yana nan daram, yadin da ke gefensa ne ke yagewa, kamar dai yadda kika gani. Idan kuma ɗinkin ya yi ƙanana ƙwarai, allura ta jera huji kusa da kusa, kin yi wa yadin layin yagewa irin na takardar rasit. Ki sa tsawon ɗinki wajen milimita 2.5, ki ɗan sassauta ɗaurin zare, ki sa sabuwar allura siririya. Lambar da ke jikin allura kaurinta take faɗa: 70 na nufin milimita 0.7, 100 kuma milimita ɗaya cif. Shet mara nauyi 70 ko 80 ta ishe ta, jins na son 90 ko 100. Allurar da ta dakushe karya zare take yi maimakon ta ratsa tsakaninsa. Ki bar rarar ɗinki ta kai santimita 1.5, ki kuma ba rigar sarari a ƙirji da hammata fiye da yadda za ki ba ta sabon yadi, domin tsohon yadi ba ya jure matsi.

Tattarewar ba ta da dogon bayani. Tsohuwar shet ta gama tsukewarta tuntuni, sabon yadin auduga bai ma fara ba. Kika haɗa su, aka wanke, ɗaya ya ja, ɗaya ya tsaya. Duk sabon abin da zai shiga aikin, har shafi da leshin ado, ki wanke ki goge kafin yanka. Ki kuma haɗa nauyi da nauyi, domin mai kauri da mara kauri idan suka haɗu a ɗinki ɗaya, mai kaurin ne ke cin ɗan'uwansa.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya kai tsaye ba, alhali shi ne rabin sana'ar: me za ki saya. Ki manta da yayi, ki manta da ko rigar ta burge ki. Yadi kike saye. Ki nemi mafi girma mai ƙarancin yanka-yanka, irin manyan shet na maza, dogayen siket masu tattara, riguna masu faɗi, zanen gado. Bayan babbar shet ɗaya yakan ba ki fili mai faɗin kusan santimita 60 ba ɗinki a tsakiya. Rigar mata mai kama jiki, mai dat (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi jiki) da yanka shida ko takwas, komai kyan yadinta ƙyallaye za ta bar miki. Tabo a wuri ɗaya ba ya hana ni saye, ina iya kauce masa. Mai warin fumfuna da ɗigo-ɗigon baƙi kuwa ko kyauta ba na ɗauka, domin fumfuna cin zaren auduga take yi.

Ki juya cikin rigar ki karanta 'yar takardar da ke gefe. Auduga zalla, lilin, ko auduga mai ɗan gaurayen foliyesta su ne abokan mai koyo, suna karɓar guga, suna zama inda aka ajiye su. Ki yi hattara da mai ilasten ko sifandes ko Lycra. Duk abu ɗaya ne, zaren roba da wani masanin sinadarai, Joseph Shivers, ya samar a kamfanin DuPont a 1958. Shi ke sa wando ya kama jiki, amma zafi da bilic da shekaru suna kashe shi, kuma idan ya mutu ba ya tashi. Za ki gane shi da gwiwa da mazauni sun yi jaka ba sa komawa, ko yadin ya yi ƙananan tudu-tudu.

Idan takardar ta goge ko an cire ta, wuta za ta faɗa miki gaskiya. Ki yanko ɗan ƙyalle kamar farce daga rarar ɗinki ta ciki, ki riƙe da hantsaki a kan kwano mai ruwa, nesa da yara da sauran kaya, ki kusanto da ashana. Auduga da lilin suna ci da sauri, da warin takarda, su bar toka mai laushi. Ulu da siliki warin ƙonannen gashi suke yi, su bar baƙin dunƙule mai murƙushewa tsakanin yatsu. Foliyesta da nailan suna janyewa daga wutar, su narke, su bar ƙwallo mai tauri. Kada ki taɓa shi da zafinsa, yana manne wa fata. Idan kika ga toka da narkewa tare, gauraye ne. Daga nan kin san zafin gugar da zai ɗauka da irin wankin da ya dace da shi.

Kada almakashi ya taɓa komai sai an wanke, ba ki san inda kayan suka kwana ba. Abin da zai jure, irin auduga da lilin, ki wanke da ruwan da ya kai digiri 60, zafin da ke kashe kwarkwata da kuɗin cizo har da ƙwayayensu, ki shanya ya bushe ƙayau, ki goge da zafi. Don ki gane mai zuba, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga ta ciki. Idan ya ɗauko launi, kada ki haɗa shi da fari a riga ɗaya. Ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake ya dunƙule. Shi ana ɗaure shi a leda a sa a firiza mako ɗaya ko biyu don kashe asu da ƙwansa, sannan a wanke da ruwan sanyi a hankali. Ni sai da na ji a jikina na fara girmama asu. Na taɓa samun wani babban kwat na ulu, ɗoki ya ɗebe ni, na farke na yanka wa wata mata siket ban ɗaga shi a haske ba. Ina gugar ƙarshe na ga huji huɗu a jere a gaban siket ɗin, daidai inda ido ke fara sauka. Aikin kwana biyu ya tafi, ga kunyar mai kaya.

Farkewa ko yankewa? Idan yadin ya wadata, ki bi gefen ɗinki da almakashi ki wuce, santimita ɗaya zuwa biyu kawai kika rasa. Idan kowane yatsa yana da amfani, ki farke da 'yar ƙugiyar farke ɗinki. Reza ta fi sauri, amma ranar da ta zame sai ta shiga inda ba a aike ta ba. Ki sani kuma inda aka farke yana barin shaida: layin hujin allura, ninki da ya koɗe, ko wuri mai duhu a ƙarƙashin aljihu da rana ba ta taɓa gani ba. A auduga da ulu, tururin guga da jiƙaƙƙen ƙyalle suna rufe yawancin hujin. A fata da siliki da foliyesta mai matsattsiyar saƙa, huji ya zauna ke nan. Bayan farkewa ki goge kowane ɓangare ya kwanta sumul, ki jera su a tebur. Sai a lokacin ne kike da yadi.

Dabarar da ta fi rage wahala ita ce ki riƙe aikin da masana'anta ta riga ta yi miki. Layin maɓallai da ramukansa, kalmasar ƙasa, aljihu, ƙugun wando da zif ɗinsa, duk da injuna aka yi su waɗanda kekenki ba zai kamo ba. Da ni ce zan yi rigar 'yarki, sai in sa maɓallan shet ɗin duka, in cire hannuwa da kwala, in shimfiɗa ta. In ɗora fatan ɗin yarinyar daga ƙasa, kalmasar shet ta zama kalmasar riga, tsakiyar fatan a kan layin maɓallai sak. Da haka saman rigar zai kauce wa tsohuwar hammata, ya zauna a tsakiya inda yadin ke da rai. In duba kada yankan wuya ya faɗa kan maɓalli ko raminsa, in ɗan matsar da fatan har maɓalli na farko ya zauna kamar santimita 1.5 zuwa 2 ƙasa da inda wuyan zai tsaya. Layin maɓallan yana iya zama a gaba, yana iya komawa baya, wanda ya fi wa ƙaramar yarinya don ba za ta riƙa ɓallewa ba. Idan jaririya ce ki ƙara ɗaure su da kyau ko ki guje su gaba ɗaya, kin san komai baki suke kaiwa. Hannuwan shet ɗin za su ba ni ƙananan hannuwa daga samansu, sauran in yanka siraran tsiri a karkace in naɗe wuya da su. A nan ne karkace ke da ranarsa, domin yana bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba.

Jins kuwa duniya ce daban. Zarensa na tsaye rinanne ne da shuni, na kwance fari, shi ya sa cikinsa ya fi wajensa haske, kuma saƙar tana fitar da siraran layuka a karkace. Kada layukan nan su ruɗe ki, zaren tsaye yana bin tsakiyar ƙafa. Mafi kyan yadi yana bayan ƙafa, daga ƙasan aljihu zuwa sama da kalmasa. Idan siket za ki yi, ki farke ɗinkin cikin ƙafafu duka, ki ci gaba da farke na gaba har gindin zif, na baya har inda lanƙwasar ta miƙe. Ki ɗora lanƙwasar ɗaya kan ɗaya ta kwanta, ki ɗinke, sai ki cike gurbin nan mai kusurwa uku da ya rage gaba da baya da yadin ƙafafun da kika rage ko na wani wandon. A baya aka fi yin kuskure. Idan ba a farke sosai aka daidaita ba, sai ya yi tsini kamar wutsiya, don haka ki gwada a jiki da fil kafin ki ɗinke.

'Yan ƙusoshin jan ƙarfen nan na bakin aljihu, waɗanda Jacob Davis da Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a 1873 don kada aljihun leburori ya riƙa yagewa, su ne masu karya allura. Ki kauce musu ko ki cire su da filaya. Inda ɗinki ya haɗu da ɗinki, kauri yakan kai ninki takwas ko fiye. Ki daddoki wurin da guduma a kan katako ya kwanta, ki tsawaita ɗinki zuwa milimita 3 ko 3.5, ki sa ninkakken ƙyalle a ƙarƙashin bayan ƙafar keke don ta daidaita, ki juya keken da hannu har ki haye.

Ti-shet da suwaita ki ɗan dakata da su tukuna. Zare ɗaya ne aka sarƙa madauki cikin madauki, suna buƙatar allura mai dunƙulallen baki da siririn zigizag ko keken wibin, domin allura mai kaifi tana tsinka madaukin, miƙaƙƙen ɗinki kuma yana tsinkewa idan an ja. Suwaita ma sai kin bi gefen inda za ki yanka da ɗinki layi biyu kafin almakashi, in ba haka ba ta warware a hannunki.

Maganar faci. Ido yana bambance abin da aka yi da niyya da wanda aka yi don dole. Ƙyalle ɗaya na daban a gefe ɗaya faci ne. Wannan ƙyallen idan ya bayyana a wuya da bakin hannu da aljihu, ya zama ado. Launi biyu, in ya yi yawa uku. Ki sa haɗin a inda riga ta saba da ɗinki, wato kafaɗa, ƙugu, tsakiya, ko ƙasan siket, kuma abin da kika yi a dama ki yi a hagu. Kowane ɗinki ki goge shi kafin wani ya ratsa shi, ki rufe bakin ciki da wibin ko zigizag don kada ya riƙa zarewa. A ganina rabin abin da ke tona asirin aikin mai koyo rashin guga ne.

Kada ma ki ɗauki aikin abin kunya. A 1941 Birtaniya ta sa tufafi cikin kayan da ake saye da ƙa'ida saboda yaƙi, da farko kati 66 ga mutum a shekara, ba a janye dokar ba sai 1949, mata suka riƙa juya kwat da wandon mazajensu da ke fagen daga zuwa siket da 'yar kwat. A arewacin Japan, inda auduga ba ta fita saboda sanyi, manoma da masunta sun daɗe suna jera tsofaffin ƙyallaye masu shuni suna bin su da ƙananan ɗinkin hannu layi-layi. Kayan ana ce musu boro, ɗinkin kuma sashiko, yau har a gidajen tarihi ake ajiye su. Matan yankin Bengal, a Indiya da Bangaladash, da irin wannan ɗinki suke haɗa tsofaffin sari ninki-ninki su zama mayafi. Dabararsu za ta yi miki amfani: yadin da ya yi rauni shi kaɗai, idan aka shimfiɗa masa wani a baya aka bi su da ɗinki kusa da kusa, nauyin yana rarrabuwa ya ƙara shekaru. Da haka za ki ceci yadi mai kyan zane da ya sirance.

Ko zai zama sana'a? Zai zama, amma sai da lissafi. Yadin ne mai araha, lokacinki ne mai tsada. Zaɓe da wanki da farkewa da guga da jujjuya fatan sukan ci lokaci fiye da ɗinkin kansa, kuma ba za ki iya jera ninki goma ki yanka lokaci ɗaya kamar mai sabon yadi ba. A aiki biyar na farko ki riƙa duba agogo kina rubutawa, ki sa har da kayan da kika saya suka ƙi amfani, domin za a samu. Waɗanda na ga suna cin riba ba sa taɓa komai da komai. Suna kama abu ɗaya da ake samu kullum kuma yankansa kusan iri ɗaya ne, kamar shet na maza ko jins, su fitar da samfuri biyu ko uku, su yanka fatan a kwali, su maimaita har hannu ya faɗa. Ki gaya wa mai saye gaskiya cewa daga tsohon kaya aka yi, an wanke an gyara, don wanda ya gano da kansa ba ya dawowa. Ki cire tambarin kamfanin asali, kada ya zama kina sayar da aikinki da sunan wani.

Kayan aiki kuwa ba za su yanke miki ba. Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da ake yin tufafi da shi ne ke komawa sabuwar tufa. Raba auduga da foliyesta da aka murɗa a zare ɗaya yana da wuya, injin da ke yayyaga tsumma kuma yana gajarta silin, sai ya fi dacewa da ciko da tsumman goge-goge. Almakashi da allura ba ruwansu da wannan matsala, yadin suke ɗauka yadda yake.

Rigar 'yarki kuma kada ki jefar. Murɗewar saman ba za ta gyaru ba, amma ki farke gefe ɗaya, ki zare zare ɗaya a gaba ɗaya a baya, ki ga da idonki inda yankan ya kauce. Idan ƙasan yana da ƙarfi, ki yanke daga ƙasan hammata, ki daidaita gefunan a kan zaren, ki ɗinke layin maɓallan ya rufe, ki kalmashe sama ki zura roba mai faɗin santimita 2 wadda ta gaza ƙugunta da kamar yatsa biyu, ta samu siket. Maɓallan saman ki cire ki tara a kwalba, za ki neme su.